Homon ɗin Tsirrai a Gonar da Dalma ko Kadmiyam Suka Gurɓata: Wanne Za Ka Saya?

Kafin ka ciro kuɗi, yanke shawara kan abu guda: so kake shukar ta zuƙo ƙarfen mai guba, wato dalma ko kadmiyam, daga ƙasa a kwashe a zubar, ko so kake ta rage sha domin ka tsare amfanin da za a ci? Homon sinadari ne mai sarrafa girman tsiro, kuma kwalbar da ta dace da aikin farko tana iya ɓata na biyu. Galibin asarar da ake yi daga nan take farawa.

Idan tsabtace ƙasa ne burinka, duba oksin, jibaralin da saitokainin. Oksin yana yawaita saiwoyi, saiwa kuwa ita ce bakin shuka. A jikin kwali za ka ga IAA, IBA ko NAA. IAA ita ce irin wadda tsiro ke yi da kansa, amma haske na saurin lalata ta. NAA ta fi jure ajiya, sai dai idan ta yi yawa tana tsayar da saiwar da ake so ta miƙe. Saitokainin, irin su BAP da kainetin, yana jinkirta tsufan ganye, ya bar ƙofofin numfashinsa a buɗe, ruwa ya yi ta hawa yana ɗauke da ƙarfe.

Jibaralin, wato GA3, shi ya fi sauƙin samu, kuma a kansa aka fi yin kuskuren lissafi. Ana sayar da shi gari mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari, ko ƙwaya mai kashi 10 ko 20. Ƙwaya mai nauyin giram 10 da ke da kashi 10, giram 1 kacal na GA3 ke cikinta. A lita 20 ta ruwa za ta ba ka miligiram 50 a kowace lita. Don haka kwatanta farashin giram ɗin sinadarin, ba girman kwalin ba. Garin ba ya narkewa sosai a ruwa, sai an fara narkar da shi a ɗan itanol. Ruwa mai kanwa-kanwa yana kashe shi, kuma abin da aka haɗa a fesa shi a ranar. In aka zarce ma'auni, kara ya yi zanƙalƙal, ya faɗi. Akwai kuma abin lura: a wasu tsirrai GA3 yana rage shan kadmiyam, ribarsa a yawan ganye take.

Ga mai son rage shan ƙarfe, ABA, wato asid ɗin absisik, ce ta fi tasiri kai tsaye: tana rufe ƙofofin ganye, tana kuma danne IRT1, mashigar da saiwa ke shan sinadarin ayon (baƙin ƙarfe) ta cikinta, wadda kadmiyam ke bi ya kutsa. Matsalarta tsada, da saurin lalacewa a rana, da tauye girma. Birasinolid kaɗan ake buƙata ƙwarai, ƙasa da miligiram 1 a lita, saboda haka kwalbar da ba ta bayyana ƙarfinsa ba, bar ta. Asid ɗin salisilik shi ne mafi araha, kuma da shi muke ba da shawarar farawa: miligiram 15 zuwa 70 a lita don jiƙa iri ko feshi. Ya haura 140, yana iya ƙona ganye.

Haɗarin waɗannan biyun na ƙarshe shi ne shuka ta yi kore shar alhali gubar tana ciki. Kyan ganye ba shaida ba ne. A ƙa'idar Codex, wato ma'aunin ingancin abinci na duniya, iyakar kadmiyam a ganyen da ake ci miligiram 0.2 ce a kilo, ta dalma 0.3, kuma ɗakin gwaji ne kaɗai zai faɗa maka inda kake. Ƙasa mai tsami, wadda ma'aunin pH ɗinta ya gaza 6, tana sakin kadmiyam sosai, kuma zuba farar ƙasa sau da yawa ya fi kowane homon rage shi.

Dalma kuwa galibi a saiwa take maƙalewa. Wasu na haɗa homon da EDTA, sinadari mai kama ƙarfe ya narkar da shi a ruwan ƙasa, don ta hau sama, amma EDTA na daɗewa a ƙasa, yana iya jan ƙarfen zuwa ruwan rijiya.

Kowanne ka zaɓa, sayi mafi ƙanƙantar kwalba mai ɗauke da sunan sinadari, ƙarfinsa da ranar ƙarewa. Gwada a kunya biyu, ka bar ɗaya ba feshi, ka kai samfurin duka gwaji. Abin da aka girbe daga aikin tsabtacewa kuma ba a ba dabba, ba a yin taki da shi.