Hoton MRI na jijiyar fuska: yadda na same shi

Ciwon nawa a kumatun dama yake, daga gefen hanci zuwa muƙamuƙi. Yakan fizge ni kamar jan wutar lantarki, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya lafa, kuma goge baki ko tauna ko iska mai sanyi sun isa su tayar da shi. Likitan haƙori bai ga komai ba, sai ya tura ni wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Shi ya yi min bayanin cewa akwai jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓangare, kuma ta 5 ce ke ɗaukar jin taɓi da zafi a fuska, da rassanta uku: goshi, kumatu, muƙamuƙi. Ita yake zargi, sai ya ce a yi min hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura mai ƙarfin maganaɗisu.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, ba kowane hoton MRI na kai ne ke nuna waɗannan jijiyoyi ba. Na yau da kullum yana ɗaukar ƙwaƙwalwa ne falle-falle, kowane falle kaurinsa wajen milimita 5, ita kuwa jijiyar siririya ce, tana iya ɓuya. Likitana ya rubuta a takarda cewa a ɗauki na jijiya ta 5, da salon da ake kira CISS ko FIESTA, gwargwadon kamfanin da ya ƙera na'urar, wanda fallensa bai kai milimita 1 ba. Don haka kafin ka kwanta, tambayi ma'aikacin ko ya ga abin da aka rubuta.

Ɗaukar hoton ba ta da zafi, amma akwai takura. Za a tambaye ka ko akwai ƙarfe a jikinka ko na'urar daidaita bugun zuciya, ka cire agogo da makulli da duk wani abu na ƙarfe. Sai a sa maka abin toshe kunne, a rufe kanka da wani keji na roba, a damƙa maka ƙwallon da za ka matsa idan ka ji ba daɗi. Ƙarar kuwa ba a magana, kwankwasa ce da gurnani, ta tsaya ta sake tashi da wata murya. Ni babban tsorona kada ciwon ya motsa ina ciki, domin motsi kaɗan ke ɓata hoton a sake daga farko. Allah ya taimake ni bai tashi ba. Can wajen ƙarshe aka yi min allurar gadoliniyam, ruwan da ke sa hoton ya ƙara fitowa, a hannu, na ji sanyi yana bin damtsena. Tun kafin ranar an gwada lafiyar ƙodata saboda ita.

Ƙorafina biyu ne. Ba wanda ya gaya min tsawon lokacin da zan yi a ciki, alhali minti 30 zuwa 45 ga wanda aka hana motsi ba ƙaramin abu ba ne. Sakamakon kuma an rubuta shi da yaren likitoci zalla.

Sai da na koma wurin likitana ya buɗe hoton a kwamfuta na ga amfaninsa. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya fito fari tas, jijiyar ta ratsa shi baƙa, ga kuma wata jijiyar jini ta lanƙwaso ta kwanta a kanta daidai inda take shiga tushen ƙwaƙwalwa. Babu ƙari, babu tabon cutar da ke cinye rigar jijiyoyi, kuma dama don kawar da waɗannan biyun aka fi neman hoton. Hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken X-ray, ba zai nuna haka ba, ƙarfinsa a ƙashi yake, ga shi kuma da haskensa mai illa wanda MRI ba shi da shi.

Sai dai likitan ya ja min kunne: ana ganin jijiyar jini ta taɓa wannan jijiya a hoton mutane da yawa da ba su taɓa jin ciwon ba. Bayanin da na yi masa ne ya gano cutar, hoton ya ƙara masa hujja. Yanzu ina shan kabamazefin, kuma ciwon ya ragu sosai. Idan maganin ya daina aiki, akwai tiyatar da ake sa ɗan matashi tsakanin jijiyoyin biyu, wadda wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Peter Jannetta, ya yi fice a kanta, kuma wannan hoton likitan tiyata zai fara nema.