Yarjejeniya, takunkumi ko farmaki: yadda za ka taya hajar 'yan takarar Amurka kan nukiliyar Iran

Duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato a Amurka, sai batun nukiliyar Iran ya shigo muhawara. Jam'iyyun Dimokrat da Rifablikan bakinsu ɗaya a kan cewa Iran ba za ta mallaki makamin ƙare dangi ba. Inda suka raba gari shi ne hanyar hanawa. Haja uku ake bajewa: yarjejeniya, takunkumi, da farmakin soja. Ko ƙuri'a gare ka a can, ko kuwa a rediyo kake bin zancen kana musu a majalisar mai shayi, ba sai ka yi cinikin biri a sama ba, domin dukkansu an gwada su kuma sakamakon na nan a rubuce.

Fara riƙe mudun awo. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a ƙasa, irin na Arlit, ɓangaren da ke ƙonuwa a cikinsa kashi 0.7 ne kacal cikin ɗari. Tashar lantarki tana buƙatar a tace shi zuwa kashi 3 ko 5, bam kuma wajen kashi 90. Abin da kan ruɗi mutane shi ne nisan ba daidai yake da lambobin ba: wanda ya kai kashi 20 ya riga ya ci mafi yawan aikin, wanda ya kai 60 kuwa yana bakin ƙofa. Saboda haka kowace haja a auna ta da abu uku. Kilo nawa Iran ke da shi kuma a kashi nawa? Sufetocin IAEA, hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, suna iya shiga su gani da ido? Sannan tsarin zai rayu bayan zaɓe na gaba?

Yarjejeniya

Samfurinta ita ce wadda aka ƙulla a Biyana, babban birnin Ostiriya, ran 14 ga Yuli 2015, zamanin Obama, tsakanin Iran da Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus, Rasha da Sin. Iran ta amince kada ta wuce kashi 3.67, kada ajiyarta ta wuce kilo 300 har shekara 15. Injinan tacewa sun sauko daga wajen 19,000 zuwa 5,060 masu aiki a Natanz, aka hana tacewa a Fordo, aka cire zuciyar tashar nukiliya ta Arak aka cika ta da siminti. Lokacin da Iran za ta ɗauka kafin ta tara abin bam ɗaya ya ƙaru daga wata biyu ko uku zuwa kusan shekara. A madadin haka aka sassauta mata takunkumi. Sufetoci sun yi ta tabbatar da cewa tana cika alkawari.

Aibinta biyu, kuma masu sukarta ba ƙarya suka yi ba. Na farko, tana da wa'adi: wasu sharuɗɗan shekara 10 ne, wasu 15, kuma ba ta taɓa batun makamai masu linzami ko ƙungiyoyin da Iran ke ɗaure wa gindi a yankin ba. Na biyu ya fi muni, wato ba ta da garanti. Kafin yarjejeniya ta zama mai ɗaure gwamnatin gaba sosai, sai sanatoci 67 cikin 100 sun amince, kuma Obama ba shi da wannan adadin, sai ya tafi da ita a matsayin alkawarin gwamnati. Tun a Maris 2015 sanatocin Rifablikan 47, Tom Cotton a gaba, suka rubuta wa shugabannin Iran buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa shugaba na gaba zai iya soke ta. Haka kuwa aka yi: Trump ya fice ran 8 ga Mayu 2018. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk ɗan takarar da ya ce maka zai ƙulla sabuwa, tambaye shi sanatoci nawa gare shi.

Takunkumi

Wannan ita ce hajar da ta fi saurin shiga a kamfe, don ba a tura ɗan kowa fagen daga kuma tana nuna jarumta. Tana cizo kuwa. Bayan 2018 man da Iran ke fitarwa ya faɗo daga wajen ganga miliyan 2.5 a rana zuwa ƙasa da rabin miliyan, kuɗin ƙasar ya karye, magani da abinci suka yi tsada ga talaka. Amma ɗora ta a mudun farko ka gani. Daga Yuli 2019 Iran ta fara tsallake sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, a Janairu 2021 ta koma kashi 20, a Afrilun shekarar ta hau 60. A Yulin 2024 sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Antony Blinken, ya ce lokacin tara abin bam ɗaya ya dawo mako ɗaya ko biyu. Rahoton IAEA na Mayu 2025 ya nuna sama da kilo 400 a kashi 60, alhali bisa ma'aunin hukumar wajen kilo 42 ya isa bam ɗaya idan aka ƙara tacewa.

Kuma takunkumi na yoyo da daɗewa. Matatun Sin sun ci gaba da sayen man a rahusa ta jiragen da ke kashe na'urar nuna wuri, har fitarwar ta sake haura ganga miliyan ɗaya. A ganinmu takunkumi tsani ne na hawa teburin ciniki. Wanda ya sayar maka da shi ba tare da ya faɗi abin da Iran za ta yi a ɗage mata ba, rabin kaya ya ba ka.

Farmaki

An gwada shi a Yuni 2025. Isra'ila ta fara ran 13 ga wata, Amurka ta biyo baya ran 22, jiragen B-2 suka saki bama-bamai 14 masu fasa ƙarƙashin ƙasa, kowanne sama da tan 13, aka bugi Fordo da Natanz, Isfahan kuma aka yi mata ruwan makamai masu linzami. Gine-gine da injina sun lalace ƙwarai. Sai dai bam ba ya goge ilimin da ke kan injiniyoyi, kuma a mudu na biyu ya faɗi warwas: a watan Yuli Iran ta dakatar da haɗin kai da IAEA, aka rasa mai ƙirga kilo 400 ɗin nan da ido. Tarihi ma ya yi gargaɗi. Bayan Isra'ila ta rusa tashar Osirak ta Iraƙi a 1981, Saddam ɓoye shirin ya yi ya faɗaɗa shi. Ga kuma kuɗin da ba a rubuta a jikin kayan ba: kusan kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ta mashigin Hormuz yake bi, kuma da zarar can ya ɗau zafi sai an ji a gidan mai a Kano da Maraɗi.

Kada tambarin jam'iyya ya ruɗe ka. Obama ya ƙaƙaba takunkumin mai a 2012 kafin ya zauna ciniki. Biden ya yi alkawarin komawa yarjejeniyar, tattaunawar Biyana ta 2021 ta watse, takunkumin Trump ya ci gaba a hannunsa. Trump ɗin da ya yage ta 2015 shi ne ya tura wakilinsa Steve Witkoff zagaye biyar na tattaunawa da ministan harkokin wajen Iran Abbas Araghchi ta hannun Oman a 2025. Kowa gauraya yake yi, sai dai a kan dandamali kowa ya ɗaga guda ɗaya.

In ta zaɓi ce, yarjejeniya mai sufetoci ce kaɗai ta taɓa rage kilo a zahiri kuma aka gani, don haka ita muke bai wa gaba, da sharaɗin a haɗa ta da barazanar takunkumi mai dawowa da kuma goyon bayan jam'iyyun biyu. Farashinta ya tashi yanzu. Shugabannin Iran sun ga Gaddafi ya miƙa shirinsa a 2003 an kashe shi a 2011, sun ga Koriya ta Arewa ta gwada bam a 2006 tana nan daram, sun kuma ga abin da ya faru da sa hannun 2015.

Abu na ƙarshe da za a duba shi ne shaidar da ɗan takara ya kafa. A Janairu 2003 George Bush ya gaya wa majalisa cewa Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka, ana nufin Nijar. Tsohon jakada Joseph Wilson ya riga ya je Yamai a 2002 ya dawo bai ga alamar cinikin ba, kuma a Maris 2003 shugaban IAEA Mohamed ElBaradei ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da aka kafa hujjar cinikin da su na bogi ne. Ƙasa da mako biyu bayan haka aka shiga Iraƙi. Idan aka ambaci wani adadi a muhawara, nemi rahoton IAEA na wata uku-uku, ka duba kwanan watan da sufeto ya taka wurin na ƙarshe.