Nikon D3500 a hannun mai koyon ɗaukar hoto

Na sayi Nikon D3500 ta hannu, haɗe da gilashinta na asali mai 18-55mm, da niyyar in daina barin kyamara tana yanke mini hukunci a kan haske. Ga mai irin wannan niyya, ra'ayina shi ne kyamarar ta dace ƙwarai, amma akwai abubuwan da ya kamata ya sani kafin ya miƙa kuɗinsa.

A 2018 Nikon ta fito da ita. Sensarta, wato faifan da ke karɓar haske a cikinta, megafiksel 24.2 ce, ISO ɗinta, wato ƙarfin jin hasken sensar, daga 100 zuwa 25600, marufinta kuma, wanda ke buɗewa haske ya shiga, yana iya tsayawa a buɗe har daƙiƙa 30 ko ya ƙifta a 1/4000. Da batir da kati nauyinta giram 415 ne, don haka kana iya wuni da ita a wuya ba ka gaji ba. Wajen riƙonta yana da zurfi, yatsu suna zama daram.

Idan ka murɗa zagayen da ke samanta zuwa harafin M, abubuwa uku sun dawo hannunka: faɗin ƙofar haske, saurin marufi, da ISO. Na biyun farko kamar cika tulu ne a famfo, ko ka buɗe sosai na ɗan lokaci, ko ka buɗe kaɗan ka daɗe, ruwan dai ɗaya ne. Bambancin yana cikin kamannin hoton. Ƙofa mai faɗi, wato lamba ƙarama kamar f/3.5, tana narkar da abin da ke bayan mutum. Marufi mai sauri kamar 1/500 yana tsayar da yaro a guje. ISO kuwa idan ya yi sama yana haskaka hoton, amma sai tsaba-tsaba su fara bayyana a wurare masu duhu.

Taya ɗaya ce kacal a bayan wannan kyamara. Idan ka murza ta haka nan, saurin marufi take canzawa. Idan ƙofar haske kake so, sai ka danne ɗan maɓallin mai alamar +/- da ke kusa da na ɗauka, sannan ka murza. ISO ba shi da maɓallin kansa, sai ka latsa i ka neme shi a allo. Ƙwararren da ke ɗaukar hawan sallah zai ga wannan ɓata lokaci ne, kuma yana da gaskiya. Ni kuwa tsari ya koya mini. Kafin in ɗaga kyamara sai in dubi hasken wurin in tsayar da ISO, 100 a rana, 400 a inuwa, 1600 a cikin ɗaki. Daga nan in zaɓi ƙofar haske, sai babban yatsana ya zauna a kan taya yana daidaita sauri. Akwai kuma wani sashe mai suna Guide a kan zagayen, wanda yake tambayar irin hoton da kake so ya nuna maka lambobin da suka dace. Yana da amfani a farkon farawa, sai dai ba da Hausa yake bayani ba, kuma da zarar hannu ya faɗa ba ka ƙara waiwayarsa.

Inda na fi jin daɗin M shi ne wajen fararen kaya. Ma'aunin hasken kowace kyamara an gina shi ne ya mayar da abin da ya gani zuwa tsaka-tsaki, launin toka. A wani taron suna na tsaya gaban wani dattijo sanye da farar shadda a ƙarƙashin rumfa, rigar ta cika fiye da rabin hoton. Da na daidaita ma'aunin a kan sifiri, shaddar ta fito kamar an wanke ta da ruwan toka, fuskarsa kuma ta nutse, idanun ma da ƙyar ake gani. Na rage saurin marufi daga 1/500 zuwa 1/250, ma'aunin ya koma +1, sai ga fuska ta fito da haskenta, har zanen aikin da ke wuyan rigar ana iya ƙirga shi. Mu da muke ɗaukar baƙar fata cikin fararen kaya kusan kowace Juma'a, wannan darasi ya fi kowanne muhimmanci, kuma barin kyamara a kan Auto ba zai taɓa koya maka shi ba. A cikin saitin duba hotuna akwai wanda idan ka kunna, duk wurin da haske ya ƙone zai riƙa ƙyaftawa a allo. Ka kunna shi tun ranar farko. Idan kafaɗar riga ta fara ƙyaftawa, ka san ka wuce gona da iri, sai ka ja baya kaɗan.

Mai sayen ta hannu ya duba abu ɗaya a cikin menu: ISO mai sarrafa kansa. Idan mai ita na da ya bar shi a kunne, kana kan M amma kyamara tana gyara hasken a ɓoye, ka yi ta murza taya hoton bai canza ba. Kashe shi.

Gilashin 18-55mm yana aiki lafiya lau da rana. Bayan magariba ne iyakarsa take fitowa. A 18mm yana buɗewa har f/3.5, amma da ka jawo zuwa 55mm sai ya tsuke ya koma f/5.6, hoton ya yi duhu alhali ba ka taɓa komai ba. Yana da VR, mai rage rawar hannu, sai dai VR ba ta tsayar da jaririn da ke wutsil-wutsil a cinyar uwarsa. Abin da ya warware mini wannan shi ne gilashin Nikon na 35mm f/1.8G DX. Hasken da f/1.8 ke shigarwa ya kai kusan ninki goma na f/5.6. Idan kuɗin mutum ya kai, shi ne abu na biyu da zan ce ya saya, kafin jaka mai tsada ko filasha. A lura kuma, tsofaffin gilasan Nikon masu alamar AF-D ba sa saita hoto ya fito tar da kansu a kan wannan kyamara, domin babu injin juya su a jikinta.

Batirinta abin yabo ne. Bisa gwajin CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara, yana ɗaukar hoto 1550 a caji ɗaya, muddin ta 'yar tagar leƙe kake kallo ba ta allo ba. A inda wuta take zuwa ta ɗauke, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Amma ba a cajinsa ta USB, dole sai da cajarsa, don haka kar ka karɓi kyamarar ba tare da ita ba.

Wanda bidiyo ne burinsa ya nemi wata. Allon ba ya juyawa, ba a latsa shi da yatsa, babu kuma ramin sa makirfo. Manhajar SnapBridge tana tura ƙananan hotuna zuwa waya ta Bluetooth, sun isa WhatsApp amma ba su isa bugawa ba.

Sai ƙura. D3500 ba ta da na'urar da ke girgiza sensa ta karkaɗe datti, ga shi mu kuma muna da hunturu. Ina canza gilashi ne a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa, kuma 'yar robar hura iska ba ta barin jakata. Kafin ka biya kuɗi, fita da kyamarar bakin shago, sa ta a f/22, ɗauki sararin sama, sannan ka zuƙo hoton a allo ka bi shi lungu-lungu. Ɗigo biyu ko uku ana hure su. Idan kuwa tabo ya yi yawa ko ka ga zane kamar na karce, ka ajiye wa mai shago kayansa ka nemi wata.