R4 ko R1 ga ƙaramar tarakta a gonar rairayi?

Alhaji, ka tambayi wace irin taya za ka sa wa ƙaramar taraktarka, R4 ko R1. Tunda gonar taka rairayi ce mai taushi ga kuma itatuwa, ka ɗauki R4 kawai. Duka biyun sun hau ƙaramar taraktata ƙirar Mahindra a gonarmu ta hanyar Kachia, gaba da Kujama kaɗan, shi ya sa nake faɗa maka kai tsaye.

Da R1 motar ta zo, mai dogayen haƙora ɗin nan da kowa ya sani. A taɓo ba ta da na biyu, wannan kam ban musa ba. Amma a rairayi, da zarar taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, haƙoran su ne ke haƙa mata rami, kafin ka ɗaga ƙafa ta nutse har gindi. Kuma gefenta ba kauri. Wani ɗan kututturen bagaruwa da bai kai tsawon tafin hannu ba ya tsaga min ita ta gefe, mai faci ya duba ya ce wannan ba wurin faci ba ne. Haka na yi asararta tana da sauran haƙora.

R4 kuwa ta fi faɗi, haƙoranta gajeru ne masu kauri, sai ta shimfiɗu a kan rairayin maimakon ta tone shi. Ranar da na fara shiga da ita, tirela cike da itace na jawo ta wani kwari da a da sai mun shimfiɗa rassa kafin mu wuce. Yaron da ke tuƙa min ya sauko yana duba sawun, bai fi zurfin yatsa biyu ba. Wallahi ranar na ji daɗi. Tun daga nan ƙaya takan kama ta jefi-jefi, amma gefe bai taɓa tsagewa ba. Ka duba lambar PR da ke jikinta, ka nemi 8 ko sama, ita ce ke nuna ƙarfin jikin tayar. Sannan kada ka bari mai faci ya cika ta tam kamar tayar tifa. A rairayi, iska kaɗan ƙasa da cikawa ta fi, sai dai kada ka rage har ta riƙa zamewa a kan rim ta tsinke bakin tub.

Inda za ta ba ka haushi shi ne fadama a watan Agusta: laka na cike tsakanin haƙoran, ta koma sumul. In kana da irin wannan wurin, ka jira ƙasa ta sha iska. Abu na biyu, sau da yawa R4 na son rim mai faɗi, don haka ka sa kuɗinsa a lissafi. In motarka mai jan ƙafa huɗu ce, a canza gaba da baya tare bisa girman da littafin motar ya nuna, in ba haka ba giyar gaba ce za ta ci wuya.

Don Allah ka kula da masu sayarwa. Akwai masu ɗauko tsohuwar taya da ta sha rana, su shafe ta da baƙin mai ta yi sheƙi su ce sabuwa ce. Ka je da tsumma ka goge gefen, ka danna da babban yatsa ka duba tsakanin haƙora ko akwai ƙananan tsaga, ka leƙa ciki da tocila ko an yi faci. Wanda ya hana ka dubawa, ka bar masa kayansa. Kuma in za ka shiga kasuwar Panteka ta Kaduna, ka tafi da makanikenka, a gwada tayar a rim ɗinka kafin kuɗi su bar hannunka.