X-Plane 12: Manhajar Koyon Tuƙin Jirgi da Ke Nuna Aikin Iska a Kan Fiffike

Kamfanin Laminar Research na Amurka ne ya fitar da X-Plane 12 a ƙarshen 2022, kuma tana aiki a kan Windows da Mac da Linux. Abin da ya sa ta cancanci kuɗinta shi ne yadda take lissafi. Tana yanka fiffike da wutsiya da farfela gunduwa-gunduwa, ta auna ƙarfin da iska ke yi wa kowane yanki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, sannan ta haɗa su ta fitar da motsin jirgin. Shi ya sa kowane kuskuren matuƙi yake da dalilin da za a iya ganowa.

A fara da Cessna 172 da ke zuwa tare da manhajar, mai kujeru huɗu da inji mai ƙarfin doki 180. Idan aka danna Ctrl da M, layuka za su fito a jikin jirgin suna nuna ƙarfin da ke aiki a kowane wuri. Nan ne darasin yake. Abubuwa huɗu ke takara: nauyi yana ja ƙasa, fiffike yana ɗagawa, farfela tana ja gaba, iska tana turjewa. Fiffike yana karkatar da iska zuwa ƙasa, matsin da ke samansa ya ragu a kan na ƙasansa, sai ɗagawa ta samu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ɗagawa takan ninka sau huɗu, kuma za ka ga layukan suna tsawo tun jirgin yana gudu a kan titi.

Wajen tashi, ka ba shi wuta gaba ɗaya. Hancin zai riƙa zamewa hagu saboda juyin farfela da iskar da take murɗawa ta bugi wutsiya, don haka sai an taka fedar dama, wadda ke karkata hancin zuwa dama. Da allura ta kai 55 a agogon gudu, wato kusan kilomita 102 a awa, sai a ja sandar tuƙi a hankali, a hau da gudun 74.

Inda manhajar ta fi burgewa shi ne gwajin ɓacewar ɗagawa. Ka hau sama sosai, ka rage wuta, ka ci gaba da ɗaga hanci. Kusurwar da fiffike ke tarar iska da ita tana ƙaruwa, har ta kai wajen digiri 15 zuwa 16. Daga nan iska ta daina bin bayan fiffiken, ƙahon gargaɗi ya yi kuka, hanci ya faɗi, a gudun da ke kusa da 48. Masu koyo kan ɗauka rashin gudu ne kaɗai ke jawo haka. A kwantar da jirgin digiri 60 a kwana ba tare da ya sauko ba: fiffike yana ɗauke da ninkin nauyin jirgin sau biyu, sai matsalar ta zo tun a wajen 68. Maganin ɗaya ne, a fara sauke hanci, a ƙara wuta, a miƙe fukafukai. Wanda ya ja sanda saboda tsoro ya ƙara dagula lamarin.

Akwai kuma gwajin yanayi. Ka sa zafi a digiri 40 a filin jirgin Kano, ko ka koma na Jos da ke sama da mita 1,200 daga matakin teku. Iska ta yi sako-sako, inji ya rasa ƙarfi, jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya bar ƙasa.

Manhajar tana da nata aibu. Garuruwan da take zanawa duk kusan kamarsu ɗaya, mai son kallon gari ya fi samun biyan buƙata a wata manhajar irinta, Microsoft Flight Simulator. Tana kuma cin kwamfuta: RAM na gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, amma 16 ne ke ba da kwanciyar hankali, tare da katin hoto na musamman. Idan hotuna suka gaza 20 a daƙiƙa, manhajar kan rage saurin lokaci don lissafinta ya daidaita, sai saukar jirgi ta rikice. A rage ingancin gajimare da inuwa tukuna. Tuƙi da linzamin kwamfuta kuwa wahala ce kawai, gara a sayi sandar tuƙi mai murɗawa ko da mai araha ce.

Jiki ba ya jin nauyin kwana a kan kujerar ɗaki, kuma awannin da aka yi a gida ba sa shiga lissafin lasisi a makaranta irin kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Akwai samfurin gwaji na kyauta mai ƙayyadadden lokaci, a sauke shi a ga ko kwamfutar za ta ɗauka kafin a biya.