GARGAƊI ga masu tsofaffin Peugeot: ku kiyayi mai "musayar giyabos" ɗin nan

Salam jama'a, musamman masu riƙe da 504 da 505 a nan Zariya da kewaye, dan Allah ku karanta har ƙarshe kuma ku tura ma wanda kuka san yana da tsohuwar mota, wlh abin da aka yi mun bana fatan a yi ma kowa.

Akwai wani mutum da yake talla a Facebook da WhatsApp wai shi ƙwararre ne wajen saka ma tsohuwar mota giyabos na otomatik mai obadiraib, wato mai giya ta huɗu ta doguwar tafiya. Ba zan sa sunansa ba don magana tana hannun ƴan sanda, kuma sunan ma ba ɗaya yake amfani da shi ba, layin waya ma canzawa yake yi. Salon aikinsa zan faɗa muku, da shi za ku gane shi.

Motata 504 ce ta marigayi Babanmu, Allah ya jiƙansa. Ba haɗin Kaduna bace, daga waje ta shigo da otomatik ɗinta, giyabos ɗin kamfanin ZF na Jamus, 3HP22, giya uku kacal. Lafiyarta ƙalau a cikin gari, PZ zuwa Samaru zuwa Tudun Wada babu abin da take nema. Matsalar sai ka hau titin Kaduna ko Kano, da ka kai 100 inji ya dinga kuka kamar yana roƙon a ƙara masa giya amma babu, don a giya ta uku juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na farfela, wato sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, nan ta tsaya. Shi kuma 4HP22 da ya zo a 505 na baya-bayan nan, giyoyinsa uku na farko duk ɗaya ne da nawa, sai ƙarin ta huɗu mai 0.73, kenan inda inji yake juyi 3,500 a minti zai sauko wajen 2,550, ga shi konbata ɗinsa, wato abin da ke ɗaukar juyin inji ya miƙa ma giyabos, yana kullewa in tafiya ta miƙa. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, shan mai ya ragu. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda fetur ya koma, toh shi ya sa na daɗe ina neman wannan giyabos ɗin.

Da na yi masa magana sai ya turo mun bidiyo, ga giyabos a kan benci, ya haska ƴar farantin ƙarfen da ke jiki an rubuta 4HP22 ɓaro-ɓaro. Kuma mutumin ya iya magana, ya san motar, ranka ya daɗe kaza, Alhaji kaza, har yana cewa shi ma mahaifinsa 504 ya hau. Inda ya kama ni shi ne da ya ce dole in ba shi tsohon giyabos ɗina, wai zai cire kan da ke haɗuwa da inji da kuma wutsiyar ya ɗora ma sabon, ta yadda zai zauna daidai ba sai an yanka komai a motar ba. Ni kuma abin da nake tsoro kenan, a taɓa mun jikin motar Baba da wuta. Sai naji maganar ta shige ni. Muka yi ciniki, in ba da nawa in cika dubu 420, rabi kafin aiki rabi in kaya ya iso. Ya turo yaro da mota har garejin da ake mun gyara aka ɗauka.

Kwana tara sai ga kaya an yi webil ta tasha a Kwangila. Fenti ruwan azurfa yana ƙyalli, mai ja sabo fil a ciki, ga farantin nan 4HP22. A take na tura masa cikon kuɗinsa tun kafin a ɗaura, wannan shi ne babban kuskuren da na yi.

Makaniken da ya ɗaura ma sai da ya ce mun, Alhaji abin nan fa ya zauna da sauƙi da yawa, ko noti ɗaya bamu matsar ba. Na ce ai haka mai aikin ya yi alkawari. Muka fita gwaji, muka wuce Ɗan Magaji muka miƙi hanyar Kaduna, naji ta canza sau ɗaya, ta canza sau biyu, ina ta jiran na uku, 90, 100, 110, shiru, kukan nan dai da na sani shekara da shekaru shi nake ji. Na kira shi ya ce sai mai ya yi zafi. Washegari ya ce kebul ɗin totur ne a sake saitawa. Aka saita. Sai ya ce ai sabon haɗi ne sai na yi tafiyar kilomita 500 tukun zai saki. Duk jan lokaci ne kawai, sati biyu yana mun haka, daga nan layi ya daina shiga, shafin ma ya ɓace.

Wani dattijon makanike a Sabon Gari, wanda tun zamanin Baba yake taɓa Peugeot, shi ya warware mun komai cikin minti biyar. Ya shiga ƙarƙashi ya cire sandar giya, ya kama hannun da ke gefen giyabos ɗin yana turawa yana ƙirgawa da ƙarfi, ƙas, ƙas, har shida ya tsaya. Ya ce ɗana, mai giya uku tasha shida gare shi, P da R da N da uku na gaba, mai giya huɗu kuwa bakwai ne. Ya nuna mun ƙusoshin da suka riƙe farantin, sababbi ne farare, ba na kamfani ba. Sai ya sa wuƙa ya kankare fentin kaskon mai na ƙasa, sai ga wata walda ta jan ƙarfe a kusurwa kamar girman babban yatsa. Jama'a na san waldar nan, ina yaro aka yi ta, dutse ne ya bugi kaskon a hanyar ƙauyenmu Baba ya kai aka liƙe. Giyabos ɗina ne. Nawa na kaina aka wanke aka yi ma fenti aka maƙala ma farantin wani aka sayar mun. Wlh na fi minti goma a tsugune ban iya magana ba, ba ma kuɗin ba, yadda ya yi amfani da sunan mahaifi ya shiga zuciyata shi ya fi ƙona mun rai.

Kuma ba ni kaɗai bane. A garejin na haɗu da wani bawan Allah mai 505, shi 4HP22 na gaske aka kawo masa amma na BMW, irin mai EH a ƙarshen lamba, wanda kwamfuta ke sarrafa shi, za ka ga soket na waya a jikinsa. Tsohuwar mota mai kafireto ina ta ga kwamfutar da za ta ba shi umarni? Ga kan bai dace da injin Peugeot ba, da aka buɗe kaskon kuma mai baƙi ƙirin yana warin ƙuna, garin kuloci kwance a ƙasa. Shi kuma nasa tsohon ya tafi kenan har yau. Sunan 4HP22 kaɗai ba hujja bane, don an saka shi a BMW da Volvo da Jaguar da Range Rover, kowanne da irin kansa da wutsiyarsa.

Toh duk mai son wannan aikin ya sani, mai giya huɗu ya fi mai uku tsawo, dole a taɓa mariƙinsa, a daidaita tsawon farfela, a gyara sandar giya, a saita kebul ɗin totur da kyau don in kebul ɗin ya saki, kuloci zai ci wuta, a duba bututun da ke sanyaya mai. Duk wanda ya ce maka ɗaura ka tafi ne kawai, tashi ka bar wurin. Kar ka ba kowa tsohon giyabos ɗinka ya tafi da shi, in za a cire wani abu a cire a gabanka. Ka je da makanikenka ku ƙirga tashoshin nan da hannu, ku auna tsawo da tef, ku buɗe kasko ku shinshina, sabon fenti ma abin tuhuma ne. Sannan in an ɗaura kar ka yarda a dinga taka totur da ƙarfi mota na kan P ko N wai gwaji ake, an san 4HP22 da ƙona kulocin gaba ta wannan hanyar. A kan titi ake gwadawa, ka ji canji uku da kunnenka kafin ka saki ko sisi.

Na kai rasit ɗin tiransifa da bidiyon da hirarmu duka wajen ƴan sanda, ni da mai 505 ɗin. In akwai wanda ya taɓa hulɗa da shi, ko yanzu haka kuke ciniki, dan Allah ka yi mun magana ta inbox mu haɗa shaidu, kuma in ya ce zai turo yaro ɗaukar giyabos ka sanar da mu ranar da wurin.