Robar matse bakin mitfai da kalmar da ke jikin kwalinta

Shekara shida ke nan ina yin mitfai na oda, kuma da cokali mai yatsu nake danne bakinsa. Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah aiki ya sha kaina, sai na shiga kasuwa na sayo robar nan da ake yayi, mai buɗewa kamar littafi, da haƙora a gefenta. Uku ne a kwali: babba, matsakaiciya da 'yar ƙarama. Ki murza kwaɓi, ki yanko da'ira da gindinta, ki shimfiɗa a ciki, ki zuba haɗin nama da dankali, ki rufe ki matse. A bakin mai shago dai, shi ke nan an gama.

A jikin kwalin an rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: crimp. Duk Turancin da na yi a makaranta ban taɓa cin karo da ita ba. 'Yar yayata da ke koyon gyaran gashi tana leƙowa ta ce, "Anti, ai sunan abin aikinmu ne na salun." Na ce ke tafi can, me ya haɗa kifi da kaska? Da dare na buɗe ƙamus a waya, ashe yarinyar ta fi ni gaskiya.

Ma'anarta a matse abu har ya yi ƙananan lanƙwasa a jere. Tsohuwar kalma ce, tushenta na komawa ga gecrympan ta tsohon Turanci, wato nannaɗewa, kuma tana da 'yar uwa a harshen mutanen Holan, krimpen, wadda har yau suke faɗa in abu ya tsuke. A salun kuwa ƙarfe ne mai zafi mai haƙora da ake kama gashi da shi. In kina son ganin abin da yake bayarwa, tuna yadda kanki yake zama ranar da kika tsefe ƙananan kalaba. Wata mai gyaran gashi a Amurka, Geri Cusenza, ita ta ƙirƙiro na zamani a 1972 saboda gashin mawaƙiya Barbra Streisand, sai ya zama yayi a shekarun 1980. Abin da tsifa ke ba mu kyauta, su sai da wutar lantarki. Masu girkin Ingila na da ma sun yi amfani da kalmar ga kifi: a tsattsaga shi da wuƙa yana sabon kamu don tsokarsa ta tsuke, kusan irin tsagar da muke wa karfasa kafin suya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na yankin Cornwall a Ingila, inda suke da nasu mai kama da mitfai ɗinmu, mai suna Cornish pasty. A 2011 Tarayyar Turai ta ba wa sunansa kariya, kuma cikin sharuɗɗan har da cewa a gefe ɗaya za a matse bakin, ba a bisa ba. Ana ba da labarin cewa masu haƙar kuza ta wannan kaurin bakin suke riƙewa da hannunsu mai datti, su ci sauran su yar da shi. A al'adarsu da yatsu ake naɗe bakin, ninki bisa ninki, har ya zama kamar igiya.

To a nan robata ta gaza. Zane take yi, ba ta naɗewa. Zubin farko na yi guda arba'in, sha ɗaya suka buɗe baki a wurin gashi, romon nama ya tsiyaye ya ƙone a tire. Kyau kam ba a magana, duk girmansu ɗaya kamar na kanti, amma wa zai sayi mitfai mai hamma? Rabin laifin nawa ne: na cika haɗi, kuma ban bar kwaɓin ya huta ba, ina yankowa yana ja da baya. Na ce wato krimpen ɗin mutanen Holan ce ta biyo ni har kicin. Da na koma saka kwaɓin a firij na rabin awa, na rage haɗi zuwa cokali ɗaya da rabi, ina shafa ruwan ƙwai a baki kafin in rufe, sai fashewar ta koma ɗaya ko biyu.

Babbar ta tsage a mahaɗinta a sati na uku, don in kina son ta kama sai kin danna da ƙarfi, robar kuma ba ta da kauri. Wankinta ma aiki ne, kwaɓi na maƙalewa a tsakanin haƙoran, sai da na ware mata buroshi.

'Yar ƙaramar ce ta biya kuɗinta. Ƙananan mitfai na biki da ake jerawa da samosa, da ita nake yi yanzu, kuma ta rage mini kusan rabin lokaci. In na gidanki kike yi ko na taro, saya. Manya na sayarwa kuwa, ina yanka da'irar da gindin matsakaiciyar, in rufe da hannu, in bi da cokalina mai yatsu.